Yadda Na Nazarci Sonata ta Biyu ta Dario Castello Har Na Kaɗa Ta a Gaban Jama'a

A shekarar 1629 aka buga littafi na biyu na kaɗe-kaɗen Dario Castello a birnin Benis na ƙasar Italiya. Littafin yana ɗauke da sonata 17, wato kiɗan da aka rubuta domin kayan kiɗa zalla ba tare da waƙa ba, kuma biyu na farko an rubuta su ne domin muryar sama guda ɗaya tare da muryar ƙasa da ke yi mata rakiya. Ta biyun ce malamata ta ɗora mini sa'ad da na koma koyon tsohon salon kaɗa gogen Turawa, wato biyolin, bayan na daɗe ina kaɗa shi a salon zamani. Idan aka kalle ta a takarda ba ta da wani yawa, domin layi biyu ne kacal, kuma kaɗa ta daga farko zuwa ƙarshe bai fi minti biyar zuwa shida ba. Amma abin da marubucin ya bari bai rubuta ba ya fi wanda ya rubuta yawa. Bai faɗi ainihin saurin da za a bi ba, bai nuna yawancin wuraren da za a ja baka ko a tura shi ba, bai ma ambaci sunan kayan kiɗan da yake nufi ba, sai dai ya ce muryar sama ce, wadda a zamaninsa za ta iya zama biyolin ko kuma wani ƙaho mai ramukan yatsu da suke kira korneto. Duk waɗannan hukunce-hukunce ne da suka rataya a wuyan makaɗi, kuma sai da na yanke su ɗaya bayan ɗaya kafin in iya tsayawa gaban mutane.

Tun kafin in taɓa tsirkiya na nemi sanin wurin da wannan kiɗa ya fito. Bangon littafin ya bayyana Castello a matsayin makaɗin hukumar Benis a majami'ar San Marko, inda Claudio Monteverdi yake shugabancin kiɗa tun 1613. Binciken da aka yi a baya-bayan nan cikin tsofaffin takardun birnin ya nuna cewa an haife shi a 1602 kuma ya rasu a 1631, a cikin annobar da ta yi wa arewacin Italiya ɓarna, wadda ta ɗauke wani makaɗin biyolin, Giovanni Battista Fontana, ma a 1630. Ke nan saurayi ne ɗan shekara ashirin da wani abu ya rubuta wannan sonata, a lokacin da salon kansa yake sabo fil. Tun wajen 1600 mawaƙan Italiya suka fara fifita murya ɗaya tilo da ke bayyana fushi ko ƙauna ko baƙin ciki a kan wata muryar ƙasa mai sauƙi, sannan makaɗa suka yi ƙoƙarin ɗauko wannan hanya su ɗora ta a kan kayan kiɗa. Giovanni Paolo Cima ya buga sonatar biyolin a Milan a 1610, Biagio Marini ya fitar da littafinsa na farko a Benis a 1617, Castello kuma ya fitar da nasa na farko a 1621. Sanin wannan ya cire mini wani tsammani tun da wuri, wato cewa zan tarar da manyan babi huɗu ko biyar a jere kamar yadda aka saba gani daga baya a sonatocin da makaɗin Italiya Arcangelo Corelli ya fitar a 1700. Sonatar Castello jerin gajerun sassa ce da ke manne da juna, wani mai gudu, wani mai jan jiki, kuma sau da yawa babu ko numfashi a tsakaninsu.

Sharaɗin farko da malamata ta gindaya mini shi ne in ajiye bugun zamani da na saya, in ɗauki hoton tsohon bugu. An sake buga littafin a Benis a 1644, kuma hoton wannan bugu ne ya zo hannuna. Wanda bai taɓa ganin irin wannan shafi ba zai yi zaton an ɓata shi ne da gangan. A wancan zamani ana buga rubutun kiɗa da ƙananan ƙarafa, kowace ƙwayar sauti da ɗan guntun layinta, ana jera su kusa da kusa, saboda haka layukan nan biyar suna fitowa a gutsuttsure, kuma ƙwayoyin sauti masu sauri suna tsaye kowace da tutarta ba tare da sandar da ke ɗaure su rukuni-rukuni kamar a bugun yau ba. Idan gudu ya zo, sai ido ya ga dogon jeri na ƙwayoyi iri ɗaya ba tare da wata alama da za ta ce ga inda bugun kiɗa ya faɗa ba. Da farko wannan yana gajiyar da mai karatu ƙwarai, amma amfaninsa ya bayyana gare ni a hankali. Editan zamani da ya ɗaure ƙwayoyi huɗu-huɗu ya riga ya gaya wa hannuna ya danna ta farkon kowane rukuni, alhali tsohon shafin ya bar ni in duba in ga inda layin kansa ya juya, inda ya haura, da inda ya yi tsalle, in rarraba shi bisa ga haka.

Akwai kuma batun alamomin ɗaga sauti ko sauke shi da rabin mataki. A ƙa'idar yau, alama ɗaya tana aiki har ƙarshen gidan da ta bayyana a cikinsa, wato yankin da ke tsakanin layuka biyu na tsaye, amma a bugun Castello ba haka abin yake ba, domin alamar ta shafi ƙwayar da take gabanta ne, da kuma waɗanda suka maimaita ta nan take. Wannan ya sa a wasu wurare dole makaɗi ya yanke da kansa ko sautin da ya dawo bayan ƙwaya biyu ko uku yana nan a ɗage ko ya koma asalinsa. Na kwafe sonatar gaba ɗayanta da hannuna, layin sama a bisa na ƙasa, kuma duk inda na ƙara wata alama tawa sai in rubuta ta da fensir a saman layi, domin kada wata rana in manta in ɗauka ta marubucin ce. Da na kwatanta da bugun zamani, na ga mun yi daidai da editan a yawancin wurare, mun saɓa a kaɗan, kuma a waɗannan kaɗan ɗin ina da hujjar da zan iya faɗa.

Ainihin nazarin ya fara ne ranar da malamata ta rufe layin sama da takarda ta ce, "Kaɗa mini na ƙasa tukuna, shi ne zai gaya maka inda ake zuwa." A gaskiya makaɗin biyolin bai saba kallon wannan layi ba, domin yana ganin aikin wani ne. Amma a irin wannan kiɗa, duk ginin yana ƙasa. Na bi layin ina neman masaukai, wato wuraren da muryoyin biyu ke haɗuwa su zauna bayan tafiya, waɗanda ake gane su da yadda muryar ƙasa ke yin tsalle zuwa sautin da ake nufa yayin da ta sama ke matsowa gare shi da mataki ɗaya. Gidan sonatar shi ne sautin re na jerin do, re, mi, fa, sol, la, kuma can take komawa a ƙarshe, sai dai a hanya tana sauka a wasu sautukan, kuma saukar ba ɗaya ba ce. Wata cikakkiya ce wadda ke rufe sashe, wata rabi ce da ke buɗe ƙofa ga abin da ke tafe, wata kuma marubucin ya shirya ta sarai sannan ya kauce mata a daƙiƙar ƙarshe. Na yi wa kowace alama gwargwadon nauyinta. Da na gama sai na ga taswirar kiɗan a fili, na kuma gane cewa dogayen guje-gujen da ke tsorata ido ba komai ba ne illa ado da aka shimfiɗa a kan sautuka kaɗan masu tsawo. Na zare waɗannan sautuka na rubuta su daban, na yi ta kaɗa su su kaɗai a kan muryar ƙasa har kunnena ya riƙe su, sannan na mayar da adon a kansu. Daga ranar gudun ya daina zama gwajin saurin yatsu, ya zama tafiya daga wuri zuwa wuri.

Wani abin da layin ƙasa ya nuna mini shi ne lokacin da nake da 'yanci da lokacin da ba ni da shi. Akwai sassan da muryar ƙasa ke motsi tare da ta sama, tana karɓar ɗan gajeren zance daga gare ta tana maimaitawa, kuma a nan dole bugun ya tsaya daram, domin mutum biyu ne ke magana da juna. Akwai kuma sassan da take riƙe sauti ɗaya mai tsawo ta bar biyolin shi kaɗai a fili, kuma a nan ne makaɗi zai iya jinkirta farkon gudu, ya hanzarta tsakiyarsa, ya ja ƙarshensa. Castello yana daga cikin waɗanda suka fara rubuta kalmomin sauri a kai a kai, yana sa alegra a inda yake son kuzari, adasio kuma a inda yake son natsuwa, amma kalmomin ba su faɗi gwargwado ba. Girolamo Frescobaldi, makaɗin ogan, wato kayan kiɗa mai madannai da bututun iska, na majami'ar San Fiyetro a Roma, ya yi bayani a gabatarwar littafinsa na tokata, wanda ya fara fitowa a 1615, cewa irin wannan kiɗa ba a ɗaure shi da bugu ɗaya, ana jan sa ana hanzarta shi bisa ga yanayin abin da ake bayyanawa, kuma ana sassautawa idan an zo masauki. Ko da yake maganarsa a kan kiɗan madannai take, na ɗauke ta a matsayin shaida a kan kunnen mutanen wancan zamani, na yi aiki da ita a sassan da muryar ƙasa ke tsaye kawai. Ina ganin waɗanda ke jan kowane sashe yadda suka ga dama da sunan 'yanci suna zaluntar wannan kiɗa, domin idan babu wurin da bugu ya tsaya, mai sauraro ba zai ji daɗin wurin da aka sake shi ba.

Inda muka fi daɗewa muna jayayya ni da abokin aikina mai kaɗa ogan shi ne wurin da kiɗan ya juya daga ƙidayar biyu-biyu zuwa ta uku-uku. A tsohon rubutu, alamar da ke nuna wannan juyi asalinta alamar lissafi ce, tana cewa a sa ƙwayoyi uku a cikin lokacin da biyu suka ɗauka a baya, ko kuma a cikin lokacin da ɗaya ta ɗauka. Bambancin hanyoyin biyu ba ƙarami ba ne, domin ɗaya ta ninka ɗaya a sauri. Shi yana ganin a riƙe lissafin daidai, yadda babban bugun zai ci gaba ba tare da ya girgiza ba, ni kuma ina ganin tun da marubucin ya fara sa kalmomin sauri da hannunsa, ya riga ya nuna cewa lissafi kaɗai bai ishe shi ba. Masana ma ba su yi ittifaƙi a kan wannan ba har yau. Muka gwada hanyoyin biyu muna naɗar sauti muna saurare, daga bisani muka tsaya a kan saurin da ya kusanci lissafin amma ya ɗan fi shi sauƙi, irin wanda ƙafa za ta iya takawa kamar rawa.

Duk wannan nazari a kan takarda yake, kuma kayan kiɗan da kansa yana da nasa sharuɗɗan. Biyolin ɗin da na yi aiki da shi tsirkiyoyinsa huɗu duk na hanjin tumaki ne, domin tsirkiyar da aka naɗe da siririn ƙarfe ba ta bayyana ba sai wajen 1660. Ba shi da matokarin haɓa, wanda Louis Spohr ya ƙirƙiro wajen 1820, saboda haka ana ɗora shi ne a ƙasan ƙashin wuya, hannun hagu yana tallafe da shi yayin da yatsu ke aiki. Bakan kuma gajere ne, mara nauyi, sandarsa ta ɗan bauɗe waje, ba irin na zamani ba wanda François Tourte ya daidaita siffarsa a ƙarshen ƙarni na 18. Wannan gajeren baka ba ya ba da dogon sauti mai ƙarfi ɗaya daga gindi har tsini. Idan aka ja shi, sautin yana farawa da nauyi ya yi ta raguwa, idan aka tura shi kuma yana fitowa da sauƙi. Tsirkiyar hanji, musamman mai kaurin nan ta sol, ba ta amsawa idan aka danne ta da ƙarfi, sai an bar izgar ta kama ta na ɗan lokaci kafin hannu ya tafi. Na shafe lokaci mai tsawo ina jan tsirkiya ba tare da na ɗora yatsa ba, ina sauraron yadda kowane sauti ke farawa.

Da zarar na yarda cewa ja da turawa ba ɗaya ba ne, sai tambayar wace ƙwaya za ta sami wanne ta zama babba. Francesco Rognoni, a littafinsa da aka buga a Milan a 1620, ya sa harafin T a inda za a ja baka da harafin P a inda za a tura shi, kuma ƙa'idarsa ita ce ƙwaya mai nauyi ta faɗa a kan ja. Na bi sonatar da wannan ƙa'ida ina lissafi da baya daga kowane masauki, domin in tabbatar zan iso shi da ja. A wasu wurare lissafin bai fita ba sai na ja baka sau biyu a jere, ko na haɗa ƙwaya biyu a baka ɗaya. Manufar duka ita ce kiɗan ya yi kama da magana mai gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. Tun 1535 Silvestro Ganassi ya rubuta a Benis cewa burin kayan kiɗa shi ne kwaikwayon muryar ɗan Adam. Wannan bai zame mini baƙon abu ba, domin duk wanda ya taɓa jin gwanin goge a ƙasar Hausa ya san yadda tsirkiya ɗaya ke bin hawa da saukar harshe har mai sauraro ya tsinci kalmomin da ba a furta ba. Malamata ta sa ni in rera kowane sashe da bakina kafin in kaɗa shi, in lura da inda na ja numfashi, sannan in sa bakan ya numfasa a wurin.

A tsakiyar sonatar akwai sashe mai jan jiki inda aka rubuta tremolo a kan dogayen sautuka, kuma wannan shi ne wurin da na fi ƙauna a cikinta. Makaɗin zamani idan ya ga wannan kalma zai yi ta karkaɗa baka gaba da baya da sauri, amma ba shi ake nufi ba a nan. Ogan na wancan zamani yana da wata na'ura da ke sa iskar da ke shiga bututu ta riƙa kaɗawa a hankali, sai sautin ya yi ta lumshewa yana buɗewa. A wata sonata ta littafinsa na 1617, Marini ya umurci masu biyolin su yi rawar sauti da baka, ya kuma umurci mai ogan ya kunna wannan na'ura, wanda hakan ya nuna cewa ita ake kwaikwaya. Yadda ake yi shi ne a ja baka ɗaya mai tsawo ba tare da an tsaya ba, yatsan manuni yana ɗan danna sanda yana saki a kai a kai, kamar sau huɗu a kowane dogon sauti. Idan dannawar ta yi yawa sai sautin ya tsinke ya zama ƙwayoyi daban-daban, idan ta yi kaɗan kuma ba za a ji komai daga nesa ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a ƙarƙashin wannan rawar sauti muryoyin biyu suna karo da juna suna rabuwa. Na yi wa kowane karo alama, na riƙa zurfafa dannawa a kansa, in sassauta idan ya warware zuwa jituwa, ta yadda rawar za ta bi haɗin sautuka maimakon ta zama ado ɗaya daga farko har ƙarshe.

Game da ado na ƙashin kaina, na taƙaita. Castello ya riga ya rubuta yawancin guje-gujensa, kuma ƙara wasu a kansu cika wuri ne kawai. Na bar adona ga masaukai da dogayen sautukan sassa masu natsuwa, inda na yi amfani da abin da Giulio Caccini ya koya wa mawaƙa a littafinsa na 1602: maimaita sauti ɗaya ana ƙara sauri, jujjuyawa tsakanin sautuka biyu maƙwabta kafin a sauka, da kuma fara sauti da ƙarfi a sassauta shi sannan a sake kumbura shi. Girgiza yatsan hagu, wadda makaɗin zamani ke yi a kan kusan kowane sauti, na mayar da ita ado da ake sawa jefi-jefi. Ga kowane babban masauki na tanadi hanyoyi biyu ko uku, ban kuma rubuta ko ɗaya a takarda ba, domin in sami damar zaɓa a lokacin da nake kaɗawa.

Saitin sauti shi ne abin da ya fi jijjiga kunnena. Mun ɗaga sautin la zuwa girgiza 465 a daƙiƙa, wato rabin mataki sama da 440 na zamani, domin tsofaffin korneto da ogan na arewacin Italiya suna nuna cewa a can sama Benis take kiɗanta, ba a 415 da mutane da yawa ke ɗauka na duk tsohon kiɗa ba ne. Wannan ya sa na canza tsirkiyar mi da wadda ta fi ta siranta don kada ta tsinke. Sannan an saita ogan ɗin bisa tsohon tsarin da ke tsarkake babbar tazarar mataki uku, kamar daga re zuwa fa ɗagagge, yana ɗan matse tazarar mataki biyar, kamar daga re zuwa la. Saboda haka ba zan iya ɗaure tsirkiyoyina da kunne kamar yadda na saba ba, sai mai ogan ya ba ni la, ya ba ni re, ya ba ni sol, ya ba ni mi, in daidaita kowace da tasa. A wannan tsari, sautin da aka ɗaga da rabin mataki yana zama ƙasa da inda yatsan makaɗin zamani ya saba faɗawa, wanda aka sauke kuma yana zama sama. Muka riƙa yin wani atisaye: ya riƙe re da la, ni kuma in ɗora fa ɗagagge in yi ta jan yatsa baya kaɗan-kaɗan. Da farko ana jin wani kaɗawa mai sauri a cikin sautin, sai ya yi ta raguwa, har a kai wurin da zai tsaya cak, haɗin ya yi faɗi, wani siririn sauti na ƙasa da babu wanda ya kaɗa shi ya bayyana a kunne. Tazarar da yatsan ya matsa ba ta kai faɗin ƙwayar shinkafa ba, amma bayan na ji wannan ban ƙara gamsuwa da tsohon wurin ba.

Shi ma mai rakiya yana da nasa hukuncin da zai yanke, domin layi ɗaya aka ba shi da 'yan lambobi ƙalilan, sauran haɗin sautukan shi zai cika. Agostino Agazzari, a ɗan littafinsa na 1607, ya raba kayan rakiya gida biyu, masu zama harsashi da masu ƙawatawa, ya kuma ce masaukai suna buƙatar babbar tazarar mataki uku ko da ba a rubuta ba. Mun gwada sonatar da ogan kaɗai, muka kuma gwada da kitarone, wato babban molon nan mai dogon wuya. Ogan yana riƙe sauti, saboda haka karon muryoyi a sashen tremolo yana fitowa da zafinsa, kitarone kuwa yana ba sassa masu gudu kaifi amma sautinsa yana mutuwa da wuri. A ƙarshe muka haɗa su biyun, muka yarda cewa mai kitarone zai yi shiru a wasu wurare. A zaman gwaji, yawancin lokacinmu ya tafi ne a kan gaɓoɓin da ke haɗa sassa, wato wa zai ba da alamar shiga, da numfashi ko da ɗaga baka, da kuma tsawon shirun da za a bari. Castello kansa ya shawarci makaɗa a wata sanarwa da ya yi wa masu karatu da su gwada sonatocinsa kafin su fito da su, abin da ke nuna cewa ko ga ƙwararrun Benis wannan salo bai zo da sauƙi ba.

Mun kaɗa ta ne a wata ƙaramar majami'a ta dutse, kuma ɗakin ya tilasta mana sauya wasu abubuwa a gwajin ƙarshe. Amsa-kuwwar wurin tana da tsawo, saboda haka gudun da ke fita tsaf a ɗakin koyo sai ya cakuɗe, dole na rage sauri na kuma gajarta kowace ƙwaya. Shirun da ke tsakanin sassa ma sai da muka tsawaita shi, domin haɗin sauti na baya ya gama mutuwa kafin sabo ya shigo. Da mutane suka cika wurin, jikinsu da tufafinsu suka shanye wani ɓangare na amsa-kuwwar, zafi da danshin numfashinsu kuma suka sa tsirkiyoyin hanji suka saki, sai da na sake ɗaure su a gabansu kafin mu fara. A sashen tremolo mai ogan ya riƙe wani karo fiye da yadda muka saba, na ji shi, na bi shi, kuma hakan ya yiwu ne kawai saboda na san layinsa kamar yadda na san nawa. A ƙarshen sonatar, inda muryar ƙasa ke tsayawa a kan dogayen sautuka biyolin yana ta hawa da sauka, na jinkirta saukar fiye da kowane lokaci a gwaji, na zaɓi adon da ban yi niyyar sawa ba da safe, muka sauka tare a kan re da fa ɗin nan ɗagagge a wurinsa na ƙasa.

Da muka saurari abin da aka naɗa, abokina ya ce har yanzu yana ganin sashen uku-uku ya fi kyau a kan lissafinsa daidai, ni kuma ban sauya ra'ayi ba, sai muka yarda cewa a karo na gaba za mu bi tasa hanyar mu ji yadda za ta zauna a kunnen jama'a. Malamata ta riga ta ɗora mini aiki na gaba, wato sonata ta huɗu daga littafi na takwas na Marini, wadda aka rubuta musamman domin a kaɗa tsirkiya biyu a lokaci ɗaya. A can matsalar saiti za ta ninka, domin sautuka biyun da za su jitu duk a ƙarƙashin yatsuna suke, kuma riƙe biyolin ba tare da haɓa ba zai ƙara wuya. Hoton tsohon bugun yana hannuna, kuma layin ƙasa na fara kwafa.